Layi Huɗun da Matata Ta Rantse Za Ta Goge

Ni tela ne. Shagona yana unguwar Nima a Accra, cikin wani lungu bayan babbar hanya, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai koko da ƙosai. Keke uku gare ni da teburin yanka ɗaya. Abin da na sani a duniya ke nan, sai ɗan karatun da mahaifina ya tilasta mini. Shi mutumin Damagaram ne, ya zo Accra da ƙuruciya, kuma har ya koma ga Allah bai yafe wa Hausarmu ta zango ba. Matata kuwa haifaffiyar Maamobi ce. Ta yi karatun kwamfuta, tana yi wa wani ƙaramin kamfani na Adabraka aiki, kwana biyu a mako ta hau trotro, motar hayarmu ta nan, ta je ofis, sauran kwanakin ta yi daga ɗaki. Hausarta ta zango ce tsantsa: namiji ya zo, mace ya zo, akuya ma ya zo. Maganganunta da zan kawo a nan na mayar da su Hausar mahaifina, kuma na san zan sha magana a kan haka.

Wata safiya, saura kamar wata ɗaya da rabi babbar Sallah, muna karin kumallo, sai ta ajiye kofinta ta ce, "Maigida, na ga wani kwado da ba ya tsare komai."

Na waiga na dubi ƙofar ɗakinmu.

Ta ce, "Ba wannan ba. A cikin kanal."

"Wane Kanal? Na soja?"

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai nama in ya sa mata ƙashi da yawa. Sannan ta yi mini bayani. Kanal, in ji ta, sunan da suke kiran zuciyar tsarin kwamfuta ne, wato ɓangaren da ke zaune tsakanin ƙarfen na'urar da sauran manhajoji. In manhaja tana so ta buɗe fayil, ko ta rubuta, ko ta rufe, ba ta isa ta taɓa da hannunta ba, sai ta roƙi kanal. Wanda take magana a kai kuma jama'a ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta shi tare, a buɗe yake, kowa yana iya karantawa, wanda ya ga gyara sai ya aika da wasiƙa ta imel, manyan wurin su duba. Wannan ba aikin ofis ɗinta ba ne. Yadda wasu matan ke hutawa da kallon fim, ita da karanta wannan abu take hutawa.

Kuskuren da na yi shi ne da na biya ta wurin surukata da rana don in kai mata zanen da na yi wa kalmasa. Hajiya tana zaune kan tabarma tana tsince wake. Ta tambayi 'yarta, na ce lafiya lau, aikin kanal ne ya sha mata kai. Na faɗa ne kawai don in nuna na san sabuwar kalma. Kafin la'asar rabin Maamobi sun ji cewa matata ta samu aiki wurin wani babban soja. Da magariba Hajiya ta iso gidanmu da kanta, ta ce da 'yarta, "Tun da Allah ya buɗe maki hanya, ki faɗa ma Kanal ɗin zancen ɗan yayanki. Shekara uku yana neman shiga soja." Matata ta yi bayani har muryarta ta dushe. Hajiya ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, ta tashi tana cewa, "To, in ya samu lokaci dai."

Maganar kwadon kuwa, da banɗakin gidanmu ta koya mini. Gidan haya muke, ɗaki goma sha ɗaya, banɗaki ɗaya. Ta ce in mutum ya shiga me yake fara yi? Na ce ya sa sakata. Ta ce to haka ne a cikin kanal. Ayyuka da yawa ke gudana a lokaci guda, in biyu suka kai hannu kan abu ɗaya tare sai a yi ɓarna, don haka na farko yana kullewa, na biyu ya jira a waje har a buɗe. Shi suke kira kwado.

Na ce, "Ai wannan sakata ce, ba kwado ba. Kwado daga waje ake sa shi."

Ta ce, "Ka rubuta musu wasiƙa."

Ta ci gaba. Kowane fayil da aka buɗe, kanal yana ƙirga masu riƙe da shi. Wannan ya saki, a rage ɗaya, wancan ya saki, a rage ɗaya. In ƙirgen ya kai babu, na ƙarshen shi ke da share wuri ya zubar da komai. To a cikin wannan sharar ta ƙarshe ne ta ga wuri biyu da ake kullewa ana buɗewa. Kowane kwado layi biyu ne na rubutu, na kullewa da na buɗewa, layi huɗu ke nan. "Wa ake kulle wa?" in ji ta, tana buga tebur da yatsa. "Kowa ya tashi daga gidan, mutum ɗaya ya rage yana shara, amma sai ya sa sakata. Wa zai shigo? Aljani?"

Na tambayi amfanin cirewa. Ta ce kowace kullewa tana cin ɗan lokaci, kaɗan ƙwarai, amma akwai manyan na'urori da ba su da aiki sai buɗe fayil da rufewa, a can sai ya taru ya zama abu. Bayan haka, duk wanda ya zo karanta wurin ya ga kwado zai ɗauka akwai ɓarawo, ya ɓata yininsa yana neman ɓarawon da babu.

"A kwamfutarki za a ga bambanci?"

"A'a."

"A wayata fa?"

"Wayarka ko caji ba ta riƙewa."

Na zaci aikin minti biyar ne. Layi huɗu, a goge, shi ke nan. Ashe gogewar ce kaɗai minti biyar. Mako biyu cur ta yi tana tonon tsofaffin wasiƙu don ta gano wanda ya sa kwadunan da dalilinsa. Tana gama aikin ofis sai ta jawo kujera bakin taga ta duƙufa. Akwai ranar da na dawo cin abincin rana na iske ta tana faɗa da wani mutum da ya rubuta wasiƙarsa tun tana firamare. "Ka faɗi dalili mana, bawan Allah," take ce wa allon kwamfuta. Na farkon ta gano asalinsa sarai: an sa shi ne don ya tsare wani abu da tuni aka ɗauke aka mayar wani wuri, aka manta kwadon a rataye. Na biyun kuwa, wanda ya sa shi bai bar bayanin komai ba, abin da ya rubuta bai wuce ya ce ya yi gyara ba. Ta yanke cewa jirgi ɗaya ya kwaso su.

A nan ne na sa baki da ɗan abin da na sani. Na ce ni in aka kawo mini rigar da wani tela ya ɗinka don in rage, akwai zaren da ba na yanka sai na juya rigar na ga abin da yake riƙewa. Na taɓa yanke wani ɗan ɗinki da na ga ba shi da aiki a babbar rigar wani malami, aljihun ciki gaba ɗaya ya zube.

Ta ce, "Tela, kanal ba kaftani ba ne."

Tela take kirana in tana so in yi shiru.

Sai maganar gwaji. Tana da wata tsohuwar kwamfuta mai akwati da ta samo wurin masu kayan lantarki a Circle, mai fanka mai kuka kamar injin markaɗe. A kanta take gwada duk abin da zai iya kashe na'ura. Gwajin yana bukatar a bar ta tana buɗe fayil tana rufewa ba tsayawa, kwana da kwanaki. A lokacin kuma dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ya matsa wa ɓangarenmu, a kawo wuta da hantsi a ɗauke da azahar. Sau uku gwajin yana mutuwa a hanya. Layin wutar shagona ya fi na gida tsayawa, kuma muna da janareta ni da mai gyaran waya. Ba a nemi shawarata ba. Na dai wayi gari na gan ni ina saɓe da akwatin, tana biye da ni da allo da wayoyi, muna ratsa lungunan Maamobi zuwa Nima muna tsallake kwata.

Ta ajiye ta a ƙarƙashin teburin yanka, ta kafa mini doka uku: kada a kashe, kada a rufa mata zane, kada a ɗora mata komai. Shagon tela ana saura wata ɗaya Sallah! Mata suna zuwa da yadi, suna neman inda za su ajiye jaka, ga akwati a ƙasa daidai wurin ajiye jaka. Na zama mai gadi. Ƙafa ɗaya kan keke, ido ɗaya kan akwati.

Rana ta biyu wani Alhaji, dattijo da na daɗe ina yi wa ɗinki, ya zo gwajin riga. Na shiga ciki in ɗauko rigar, ina fitowa na ji shagon ya yi tsit. Kukan fanka ya ɗauke. Alhaji yana zaune ya miƙe ƙafa, wayarsa tana caji a soket ɗin kwamfutar.

Ya ce, "Wannan akwatin naka yana ta kuka shi kaɗai, babu mai amfani da shi, na ce bari in hutar da shi."

Me zan ce wa sa'an mahaifina? Na ce ya kyauta. Yana fita na mayar da wayar kwamfutar soket, na danna maɓallin, fanka ta ci gaba da kuka kamar ba a yi komai ba. Na yi alkawari da zuciyata cewa wannan magana ta mutu a nan.

Da yamma matata ta biyo daga ofis. Ta durƙusa, ta danna abu biyu, ta ɗago.

"Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin me ya faru?"

"A ina?"

"A nan. An kashe ta, an kunna bayan rabin awa."

Ranar na gane kwamfuta ba ta rufa wa miji asiri. Na faɗi gaskiya. Ta ɗauki wani ƙyallen atamfa daga ƙasa, ta ɗaure wayar da ƙafar tebur ɗauri uku, ta sake farawa daga farko.

Wannan karon gwajin ya yi kwana huɗu lafiya. Ba a ga ɓarna ko ɗaya ba. Ta zauna rubuta wasiƙa. Ta farko da ta karanta mini ta kusa shafi biyu, har da tarihin kwadon tun daga kakanninsa. Ta rage, ta sake ragewa, har ta koma sakin layi uku. Ranar Litinin bayan sallar asuba ta yi bisimilla ta aika. Ta miƙe ta yi miƙa, ta ce, "Shi ke nan. Ni ban damu ko sun amsa ko ba su amsa ba."

Wadda ba ta damu ba ɗin nan, ranar ta duba wayarta a bakin rijiya, ta duba a cikin trotro, ta duba tana tuƙa tuwo har ya kama ƙasa. Talata ma haka. Na ce mata ai mutanen suna da iyali su ma. Ta ce ita saƙon ofis take dubawa.

Laraba da hantsi amsa ta zo daga ɗaya cikin manyan wurin. Ta shigo shago ba sallama, ta miƙo mini waya kamar ni zan gane. Layi biyu ne da Turanci. Ta fassara mini tana cije baki: "Na farkon ya yi. Na biyun, wa ke tsare jerin?"

Na ce, "Shi ke nan? Ina gaisuwa?"

"Ba sa gaisuwa."

"Bai tambayi gida ba? Bai ce ya aiki ba?"

"Maigida, ba wannan ba ne matsalar!"

A wurina dai matsala ce. Mutum ka rubuta masa sakin layi uku bayan wata guda kana wahala, ya amsa maka kamar ɗan kamasho a tasha. Amma ita abin da ya ƙona mata rai daban ne. Ta ce mutumin bai karanta wasiƙarta ba. Ta riga ta faɗa a fili cewa a wannan lokacin babu mai riƙe da fayil ɗin, to me kuma ake tsarewa? Ta ce manyan nan haka suke, in sun ga sabon suna sai sun nemi abin cewa. Kwana biyu tana rubuta amsa tana gogewa. Wata da ta karanta mini, na ce in ta aika da ita, ko ni ne mutumin sai na yi kuka.

Asabar ta zo shago da azahar, ta ce in saurara, za ta yi mini bayanin tun daga tushe, in ni tela na gane to babu dalilin da zai hana wancan ganewa. Ban ji daɗin yadda aka jera maganar ba, amma na yarda. Ina kalmasar ƙasan wando, ta ture yadin da ke kan teburin yanka, ta ɗauki allina na ɗinki ta fara zane a kan katako.

Ta zana akwati, ta ce wannan fayil ne. Ta zana mutane uku suna riƙe da shi, ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zana wani dogon layi a gefe, ta ce wannan jeri ne na sunayen duk fayilolin da ke buɗe a kan ma'aji ɗaya, kamar takardar sunayen 'yan haya da mai gida ke riƙewa. In mai sharar ƙarshe ya zo, yana goge sunan fayil ɗin daga jerin. Kwado na biyu a nan yake, wajen goge sunan.

Na ce, "Wa ke karanta jerin?"

Ta ce wani ɓangare ne can daban, ba ya ma tashi sai in za a cire ma'aji daga na'ura, kamar ɗan filash ɗin nan da ake sokawa a gefe. Shi ke bin jerin suna bayan suna ya ga wa ya rage.

Na cije zare. Ni dai don kada a ce ban saurara ba na ce, "To shi mai bin jerin, yana cikin mutanen nan uku da kika goge?"

"Yana ciki mana. Dole ya riƙe kafin ya duba."

"To shi ke nan, kin yi gaskiya."

"Bari ma in nuna maka."

Ta durƙusa gaban kwamfutar, ta buɗe wurin. Na ci gaba da kalmasa. Na gama ƙafar wando ɗaya, na gama ta biyu, ban ji an nuna mini komai ba. Na leƙa. Tana durƙushe, allin yana hannunta, bakinta a ɗan buɗe.

Na ce, "Uwargida?"

A hankali ta ce, "Ba ya riƙewa."

"Wa?"

"Mai bin jerin. Ba ya shiga ƙirge. Kwadon kawai yake ɗauka ya bi sunaye. In na cire kwadon, yana iya kai hannu kan suna daidai lokacin da mai shara ke goge shi."

"Aljihu ya zube ke nan."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Kada ka kuskura."

Na ɗauka za ta je gida ta kwanta da baƙin ciki. Ina! Ta ce ba ta yarda da abin da ta gani da ido ba sai ta ga na'urar ta faɗi. Gwajinta na kwana huɗu bai taɓa cire ma'aji ba, shi ya sa bai ga komai ba. Ta rubuta wani ɗan sabon gwaji nan take, ta zaro filash daga jakarta, ta jawo kujerar da masu jiran ɗinki ke zama ta ajiye gaban akwatin.

"Zauna. In na ce cire, ka cire. In na ce sa, ka sa."

"Ina da kaftani bakwai da ko yankawa ban yi ba."

"Kai ka yi tambayar."

Haka na zauna, ni da ake kira Maigida, ina cirewa ina sawa. Cire. Sa. Cire. Sa. Mai koko ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta koma, na ji dariyarta ta bango. Aka kira la'asar, aka ba ni hutun salla, na dawo na ci gaba. Yatsuna suka yi tsami. Sai bayan Sallah, mai gyaran waya yana ba wani labarin yana dariya, na ji cewa wannan aikin tana iya sa kwamfutar ta yi da kanta da layi uku na rubutu. Da na tuhume ta, cewa ta yi ta san da haka, amma ta ga ina jin daɗin gaskiyata da yawa a ranar.

Wajen ƙarfe biyar, na cire, na sa, sai allon ya cika da rubutu fari a kan baƙi, yana zubowa kamar an ɓare buhun gero, sannan komai ya tsaya cak. Ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Na ja da baya don kada a ce ni ne.

Sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Guɗa sosai, irin ta ranar suna.

Daidai lokacin Hajiya ta sako kai, ta zo karɓar ɗinkin Sallarta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dubanmu.

"Lafiya? Me ya faru?"

"Mma, ta mutu! Kwamfutar ta mutu!"

Hajiya ta dube ni. Ta dubi 'yarta da ke rawa da alli a hannu. Ta nuna ta, ta ce da ni cikin tausayi, da Hausar zango tsantsa, "Ɗana, ka yi haƙuri. Tun yana ƙarami haka yake. Ranar da ya fasa rediyon babansa ma murna ya yi, wai ya ga abin da ke ciki."

Matata ta mayar da kwado na biyu wurinsa, ta bar na farko a cire, ta sake sa gwajin, wannan karon kwamfutar tana cirewa tana sawa da kanta a inda ba na gani. Kwana uku, ba ta faɗi ba.

Abin da ya fi ba ta wuya duk cikin aikin shi ne wasiƙa ta biyu. Kalmomin ba su da yawa, amma sun ƙi fita. Ta rubuta cewa bayan ƙarin bincike an lura da wani abu. Na ce wa ya lura? Ta goge. Ta rubuta cewa tambayarsa tana da ɗan amfani. Na ce ɗan? Ta ce in koma kan kekena. A ƙarshe ta rubuta masa cewa ya yi gaskiya, ta faɗi yadda ta sa na'urar ta faɗi don kowa ya iya gwadawa, ta ce ta janye cire na biyun. Sannan ta yi abin da wancan bawan Allah na zamanin firamarenta bai yi ba: a saman kwado na biyu ta rubuta bayani layi biyar, cewa kwadon nan jerin yake tsarewa, mai bin jerin ba ya shiga ƙirge, kada wani ya zo ya ce ba shi da aiki.

Na yi lissafi da yatsu a gabanta. An tashi goge layi huɗu. An goge biyu. An ƙara biyar.

Na ce, "Wato wata ɗaya da rabi kina rage riga, rigar ta ƙara tsawo."

Ta ce, "Bayani ba ya cin lokacin na'ura. Mutane ake rubuta wa."

"Ni dai uku na gani sun ƙaru."

"Kai da mai riga ya ce ka rage kafaɗa, kai kuma ka ƙara masa aljihu?"

Wannan ya faru sau ɗaya ne tak, kuma mai rigar ya ji daɗin aljihun.

Amsa ta zo ana jajiberin Sallah, shago ya cika maƙil, kowa yana rantsuwa cewa shi na fara yi wa alkawari. Ta kutso tsakanin mata, ta tsaya bayan kekena, ta sunkuyo ta ce a kunnena, "Ya karɓa." Na ɗaga ƙafa daga keke. Ta ce ya rubuta cewa bayanin ya yi kyau, ya sa gyaran a cikin waɗanda za su shiga fitowa ta gaba. Ba ta yi guɗa ba wannan karon. Ta tsaya kawai tana murmushi, idonta ya ɗan kawo ruwa, tana gyara mayafin da bai karkace ba. Wata mata mai jiran doguwar riga ta ce, "Madam, in kin gama da shi ki ba mu aron sa, gobe Sallah." Matata ta ce ta gama. Ta zauna a gefe ta ɗauki allura, ta yi ta sa mini maɓallai har la'asar, aikin da tun da muka yi aure ba ta taɓa yarda ta yi ba. Uku daga ciki sai da na warware na sake, amma ban faɗa mata ba sai yanzu da take karantawa.

Kwana uku bayan Sallah muka mayar da kwamfutar gida. Da na jawo ta daga ƙarƙashin tebur, bayanta ya cika da zare da ƙurar yadi kala-kala, har wani ƙyallen leshi ya maƙale a fankar. Matata ta ciro shi, ta ce ashe shi ya sa kukan ya ragu. Na saɓa akwatin, ta ɗauki allo. A hanya ruwa ya fara yayyafi, muka fake a rumfar wata mai wake da shinkafa. Na ajiye akwatin kan benci, na zauna kusa da shi. Mai abincin ta tambaya ko na sayarwa ne. Matata ta ce a'a, ta ce a zuba mana na mutum biyu, nawa a sa ƙwai.